Gardi da Gidan Zu da Ɗakin Karatu: Matsayin Nuna wa Yara Macizai da Dangoginsu a Makarantun Nassarawa, Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta lissafa aza wa yaro harsashin tunani irin na kimiyya a cikin abubuwan da ake so makarantar firamare ta cim ma. Duk malamin da ya taɓa koyar da ƙananan azuzuwa ya san cewa alli da allo kaɗai ba su isa su aza wannan harsashi ba, sai yaro ya gani da idonsa, in da hali ma ya taɓa da hannunsa. A wajen tsirrai da ƙasa da ruwa wannan ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen dabbobi masu jan ciki, watau maciji da damo da guza da hawainiya da kunkuru da kada, domin a cikinsu akwai wanda taɓa shi ajali ne.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce yawo da irin waɗannan dabbobi zuwa makarantu da wuraren bikin yara, su yi bayani a kansu, su kuma ɗora wasu a hannun yaran. Iyaye da masu makarantu a unguwa irin Nassarawa suna ganin wannan a intanet, wasu sun gani da idonsu a tafiye-tafiye, don haka ba abin mamaki ba ne a yi sha'awar kwaikwayonsa. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa dabarar tana da amfani, amma manufar da aka gina ta a kai a can ba ta dace da mu ba. Su suna neman cire wa yaro tsoro ne. Mu kuwa abin da muke bukata shi ne a mayar da tsoron yaro ya zama sani da taka-tsantsan.

Mun zaɓi Nassarawa ne saboda dalili biyu. A nan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, inda aka koyar da Hausa, aka kuma haɗa karatu da aikin hannu. Har yau gidansa yana nan. Sa'an nan unguwa ce mai makarantu masu zaman kansu da yawa, masu halin biyan kuɗin irin wannan shiri, kuma abin da suka fara sau da yawa shi sauran makarantun gari ke bi.

2.0 Inda yaron Kano ke ganin dabba mai rai

2.1 Gardi

Tun kafin zuwan boko Hausawa suna da masu yawo da namun daji. Su ne gardawa. Kalmar gardi tana da ma'ana biyu, akwai gardi na makarantar allo, watau almajirin da ya girma ya yi nisa a karatu, akwai kuma gardi mai wasa da maciji ko kura ko biri, wanda shi muke nufi a nan. Sana'ar galibi gado ce. Akan gan su a kasuwanni da tashoshin mota da lokutan salla, sanye da warki da layu da akayau a ƙafa, makaɗa na biye da su, kura da takunkumi da sarƙa, maciji kuwa a akwati ko a buhu. Hotunan da Pieter Hugo, mutumin Afirka ta Kudu, ya ɗauka na wata ƙungiyarsu tsakanin 2005 da 2007 sun sa duniya ta san da su.

Idan muka dubi gardi da idon malami, dole mu yarda ya mallaki abin da yawancinmu muka rasa. Ya iya tara jama'a, ya iya riƙe hankalinsu na tsawon sa'a guda ba tare da kowa ya yi hamma ba, yana magana da harshen da yaro ke ji, kuma dabbarsa mai rai ce. Matsalar tana ga darasin da yake koyarwa. Wasan duk share fage ne na tallar magani. Abin da ɗan kallo ke tafiya da shi gida shi ne cewa maciji ba ya saran wanda ya sha magani, kuma wanda aka sara ƙullin gari zai warkar da shi. Ba a gaya masa cewa masu wasa da maciji a ƙasashe da dama kan cire wa macijin fiƙa ko su ɗinke bakinsa ba, balle a gaya masa cewa fiƙar da aka cire tana sake tsirowa. Haka nan ba a gaya masa cewa macijin da ya fasa kai yana lilo ba rawar ganga yake yi ba. Maciji ba shi da kunne na waje. Yana jin girgizar ƙasa da amo mai kauri, amma abin da yake bi da kai shi ne motsin hannun da ke gabansa, domin ya ɗauke shi abokin gaba.

Akwai wani dalili da ya sa maganin gardi ke samun shaida, kuma ya kamata kowane malamin kimiyya ya iya bayyana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji kan sari mutum wajen miliyan 5.4 a shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne da 2.7. Ke nan rabi ko fiye na waɗanda aka sara, ko dai macijin ba mai dafi ba ne, ko kuwa mai dafi ne amma bai zuba ba. Duk waɗannan za su tashi lafiya ko me aka ba su, ko da ruwan randa ne, kuma kowannensu zai zama mai yi wa maganin talla. Wanda dafin ya shiga da gaske, ya mutu, sai a ce kwana ne ya ƙare.

2.2 Gidan zu

Hanya ta biyu ita ce Gidan Namun Daji na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Makarantu kan kai yara ziyara can, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ziyarar takan zama ta yawon buɗe ido. Yara su yi layi, su wuce keji bayan keji, hankalinsu na wajen zaki da jimina da birai, a ci abinci a ƙarƙashin itace a koma mota. Mai jan ciki kuwa dabba ce da ke iya yini ba ta motsa ba, saboda haka kejinta ba ya tsayar da yaro, sai in akwai wanda zai tsaya ya yi masa bayani.

3.0 Tsarin Turai da abin da ya hana a ɗauko shi ɗungurungum

A Ingila macizai na asalin ƙasar iri uku ne kacal, ɗaya ne kawai mai dafi a cikinsu, kuma mutuwa ta ƙarshe da aka rubuta a Birtaniya saboda saransa ta auku ne a 1975. A irin wannan ƙasa tsoron maciji kusan cuta ce marar dalili, don haka wanda ya ɗora wa yaro maciji a hannu har yaron ya yi dariya ya yi aikin kirki. Duk da haka ba su bar abin sakaka ba. Tun 1976 suna da dokar da ta hana ajiye dabbobi masu haɗari sai da lasin, a 2018 kuma aka wajabta lasin ga mai ajiye dabba don nunawa a Ingila. Wani abin lura, a cikin dabbobin da ake yawan ɗora wa yaran nasu har da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, da kuma damo, waɗanda asalinsu na Afirka ta Yamma ne, ana fitar da su daga Gana da Togo da Binin. Ɗan Bature ya fi ɗanmu sanin damonmu.

Halin da muke ciki dabam ne. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kuma filayen Arewacin Nijeriya suna cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Wannan ya sa a 2017 hukumar ta sanya saran maciji a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Idan aka kawo wa yaro ɗan shekara bakwai a Nassarawa maciji mai sanyin hali, aka rataya masa a wuya, aka ɗauki hoto, aka tafa masa, an koya masa cewa maciji abin ɗauka ne. Ranar da ya je hutu ƙauyen kakanninsa ya ga ɗan ƙaramin maciji a gindin kara, wannan darasi shi zai tuna.

Wani zai ce ina ruwan yaron Nassarawa da maciji, shi da ke zaune a gida mai katanga da siminti? Gidajen unguwar suna da filaye da itatuwa da shingen fulawa, da yawa ana kiwon kaji da tantabaru a bayansu, kuma inda hatsi da kaji suke nan ɓeraye suke, inda ake ban-ruwa nan kwaɗi suke, waɗannan kuwa su ne abincin maciji. Ban da wannan, daga cikin waɗannan yara ne likitoci da manyan ma'aikata za su fito, waɗanda wata rana za su zauna su yanke shawarar ko a sayi allurar kashe dafi a kai asibitocin karkara ko kada a saya.

4.0 Abin da ya wajaba a koyar

Farkon darasi shi ne suna. A zagayen da mukan yi na duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, mun lura yaran makarantun da ake koyarwa da Turanci zalla kalma ɗaya tak suka sani ga kowane maciji. Alhali kuwa mai gadin gidansu da mai ban-ruwan fulawa da mutanen ƙauye suna rarrabe kububuwa da kasa da kumurci da mesa, kuma da waɗannan sunaye za a yi wa yaro kashedi. Bahaushe yana jin nauyin ambaton maciji da dare har yakan ce igiyar ƙasa. A ɗakin karatu, da rana tsaka, dole a kira kowanne da sunansa.

Kububuwa ita ce kan gaba wajen kisa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta na ƙasa mai ɗigo-ɗigo, in ta fusata takan naɗe jiki tana goga ɓawon fatarta yana ba da ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Haɗarinsa shi ne wanda aka sara kan ga kamar abin da sauƙi, sai bayan sa'o'i ko kwanaki jini ya fara fita ta dasashi da tsofaffin miki, ko ya zuba a cikin ciki ko ƙwaƙwalwa. David Warrell, wanda ya yi aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan ciwo dalla-dalla, daga aikinsu ne kuma aka sami gwajin nan mai sauƙi da har yau ake amfani da shi: a zuba jinin majiyyaci kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga. Ba tare da allura ba, 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda dafin kububuwa ya shiga jikinsu kan mutu. A 2010 aka buga sakamakon gwajin allurai biyu masu suna EchiTAb, ɗaya haɗin Birtaniya ɗaya haɗin Kosta Rika, waɗanda aka yi da dafin macizan Nijeriya aka kuma gwada a kan majiyyata 400 a Kaltungo ta Jihar Gwambe. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi aikin. Yaron Kano ya cancanci ya san cewa maganin yana nan, kuma da hannun mutanen garinsu a ciki.

A nan ya kamata malami ya kawo labarin macijin nan mai haɗiyar ƙwai. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su, amma zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwa, har gogar fatar nan yana kwaikwayo. Idan manya kan ruɗe tsakaninsu, ba yaro ne zai tsaya tantancewa ba. Ƙa'idar da za a ba shi guda ce: duk macijin da ka gani a waje, ja da baya, ka kira babba.

Kasa kuwa gajeruwa ce mai kauri, ga nauyin jiki, shi ya sa ake ce wa mai yawan barci yana barci kamar kasa. Ba ta gudu in ta ji tafiya, takan lafe a cikin busasshen ganye, sai an taka ta. Dafinta yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama, har ya kai ga yanke ƙafa ko hannu. Sai dangin kumurci da gamsheƙa masu fasa kai. A cikinsu akwai mai feso dafi a ido daga nisan mita biyu ko fiye, kuma yakan shiga ɗaki da dare neman ɓera ya sari mai barci a ƙasa, kamar yadda binciken da aka yi a yankin Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna. Wanda aka fesa wa a ido, a wanke idon nan take da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sa'an nan a tafi asibiti.

Taimakon farko ya fi kyau a koyar da shi ta hanyar wasan kwaikwayo, yaro ɗaya ya zama wanda aka sara, sauran su taimake shi. A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a kai asibiti ba tare da ya yi gudu da ƙafarsa ba. Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a yi tsaga, kada a tsotsa ko a kafa ƙaho, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse, kada kuma a tsaya farautar macijin. Ɗaurin nan da kowa ke ganin shi ne gata ya jawo wa mutane da yawa asarar ƙafa. Rigakafi kuma ba shi da tsada: takalmi rufaffe, tocila da dare, gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa, da barin zura hannu a rami ko tarin itace.

5.0 Wanda za a taɓa da wanda za a kalla

Ba mu ce kada a taɓa komai ba. Kunkuru ya dace da hannun yaro, musamman babban kunkurun nan na Sahel da ake ajiyewa a wasu gidaje, wanda shi ne na uku a girma a cikin kunkurayen tudu na duniya. Damo, sarkin haƙuri, in ya saba da mutane ana iya shafa bayansa yana hannun mai shi, ko da yake haƙurin nasa yana da iyaka, yana da cizo da bulalar wutsiya. Saɓar maciji da ƙoƙon bayan kunkuru da ƙashin kan kada duk ana iya zagayawa da su hannu-hannu. Hawainiya ba ta da dafi ko kaɗan, duk da abin da ake faɗa a kanta, amma yawan taɓi yana galabaitar da ita, saboda haka a bar ta a kan reshe yara su kalli yadda idanunta ke juyawa kowanne dabam. Maciji mai dafi, in za a kawo shi, to a cikin akwatin gilashi mai kulle, kuma ba a buɗe shi a harabar makaranta ko da wane dalili. A ganinmu hoto babba mai launi ya wadatar a firamare. Mesa babba kuma ba ta da wuri a wuyan kowa. A 2013 wata mesar Afirka da ta kuɓuce daga inda aka ajiye ta ta kashe yara biyu 'yan'uwan juna, mai shekara 4 da mai shekara 6, suna barci a garin Campbellton na Kanada.

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. Masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu da fatarsu ba tare da ta dame su ba, ga yaro kuwa tana kawo zawo da zazzaɓi mai tsanani. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkurayen da bayansu bai kai inci 4 ba tun 1975, hukumomin lafiyarsu kuma suna gargaɗin kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya taɓa irin waɗannan dabbobi. Ke nan 'yan nazare ba sa cikin wannan shiri, kuma makarantar da ba ta tanadi ruwa da sabulu a bakin ƙofar aji ba kada ta fara.

Da wannan ma'auni ne muke ganin wurin bikin zagayowar ranar haihuwa bai dace da wannan nuni ba sam. Hannun da ya shafi damo shi zai ɗauki kek bayan minti biyu, ƙannai 'yan shekara biyu da uku suna cikin taron, lasifika na girgiza ƙasa dabbar na firgita, kuma ba wanda ya zo don ya saurari bayani. Abin da zai rage shi ne hoto, watau wasan gardi ne aka sake wa riga. Ta fuskar dabbar ma akwai abin dubawa. Addini ya yi mana kashedi da labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, doka kuma tana nan, tun daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa Doka ta 11 ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Hedimastan da ya biya kuɗi aka kamo masa dabba daga daji don nuni na yini ɗaya ya buɗe kasuwar da ba zai iya rufewa ba.

6.0 Wa zai riƙe dabbar?

Malamin aji bai iya riƙe damo ba, kuma ba a koya masa a kwalejin ilmi ba. Ma'aikatan gidan zu sun iya, kuma su ya fi dacewa a fara da su, ko su zo makaranta da dabbobi biyu ko uku, ko a keɓe wa aji ɗaya sa'a guda a can a gaban masu jan ciki kaɗai. Amma ba za mu tsallake gardi ba, domin ya san inda maciji ke kwana da lokacin fitarsa da sawunsa a kan rairayi, sanin da ba ya cikin littattafanmu. Indiya ta fuskanci irin wannan. Dokar kare namun daji ta 1972 da hana cinikin fatar maciji da ya biyo baya sun raba 'yan ƙabilar Irula na Tamil Nadu da sana'arsu ta gado. A 1978 Romulus Whitaker ya taimaka musu suka kafa ƙungiyar gama-kai, suna kamo maciji bisa izni, su tatsi dafinsa, su mayar da shi daji, dafin kuma a sayar wa masu haɗa allura.

Idan gardi zai shiga makaranta, sharaɗin farko shi ne ya bar jakar magani a waje, ya kuma faɗa da bakinsa a gaban yara cewa wanda maciji ya sara asibiti ake kai shi. Wannan ba ƙaramin abu muke nema gare shi ba, domin daga jakar nan yake ci da iyalinsa, kuma sunan gidansu a kanta ya ginu. Ba zai yarda ba sai an biya shi abin da ya kai cinikin yini a kasuwa, kuma a riƙa kiransa kowane zangon karatu. Makarantu goma na Nassarawa in suka haɗa kuɗi za su iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya, gidan zu ya tantance dabbobinsa da yadda yake ajiye su, sashen kimiyya na kwalejin ilmi kuma ya rubuta abin da za a faɗa a cikin minti arba'in na darasi, da Hausa, a gwada shi da ɗalibai masu gwajin koyarwa kafin a kai shi gaban yara.